Spray: Yadda Tsohon Jirgin Kamun Kawa Ya Kewaye Duniya

A tarihin tafiye-tafiyen teku, abin da aka fi riƙewa shi ne sunan matuƙi, da ranar da ya tashi, da ranar da ya iso. Aikin da aka yi wa jirgin kafin ya taɓa ruwa kuwa, da wuya a ba shi layi biyu. Alhali ga ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, wanda mutum guda ko iyali ɗaya ke zama cikinsa wata da watanni, wannan aiki shi ke raba isa lafiya da nutsewa. Duk wanda ya mallaki irin wannan jirgi, sabo ne ko tsoho, tilas ya sake masa fasali daidai da ƙarfin hannunsa, da abin da ke aljihunsa, da irin ruwan da zai shiga. Babu labarin da ya fi nuna haka kamar na Joshua Slocum da jirginsa mai suna Spray, wanda da shi ne ɗan Adam ya fara kewaye duniya shi kaɗai, daga 1895 zuwa 1898.

Kyaftin da sana'arsa ta mutu

An haifi Slocum a shekarar 1844 a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. Tun yana saurayi ya shiga aikin jiragen fatauci masu tafiya da iska, waɗanda ake kafa wa dogayen ginshiƙai na itace, a ɗaura musu manyan zannuwa masu kauri domin iska ta tura su. Ya hau matakan sana'ar ɗaya bayan ɗaya har ya zama kyaftin, ya kuma zama ɗan ƙasar Amurka. Amman zamani ya juya masa baya. Jirage masu injin tururi sun yi ta ƙwace fataucin teku, musamman bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, domin ba su jiran iska kuma ana iya sanin ranar isowarsu. Masu dukiya suka daina zuba kuɗi cikin jiragen iska, kyaftin-kyaftin irin su Slocum suka rasa abin tuƙawa.

A ƙarshen 1887 jirginsa na kansa, Aquidneck, ya farfashe a gaɓar Birazil, dukiyarsa ta tafi tare da shi. Maimakon ya nemi a maida shi gida a matsayin wanda ya tsiyace, sai ya tattara abin da ya tsira daga tarkacen, ya ƙera wani dogon kwale-kwale mai kimanin mita 10 da rabi, matarsa ta ɗinka zannuwan iskarsa. An saka shi ruwa ran 13 ga Mayu 1888, ranar da aka soke bauta a Birazil, shi ya sa ya raɗa masa suna Liberdade, wato ƴanci. Cikinsa ya kai matarsa da ƴaƴansa biyu Amurka, tafiyar da ta haura mil 5000. Ya iso da ransa da iyalinsa, amman babu aiki.

Wata 13 a filin kiwo

A 1892 wani tsohon kyaftin, Eben Pierce, ya ce zai ba shi jirgi kyauta, sai dai yana buƙatar ɗan gyara. Da Slocum ya isa garin Fairhaven a jihar Massachusetts, abin da ya tarar shi ne gawar wani tsohon jirgin kamun kawa, an dogare shi da itatuwa a tsakiyar fili nesa da ruwa, an lulluɓe shi da tamfal, ya shekara bakwai a nan. Mutanen garin sun ɗauka farfasa shi zai yi ya samu makamashi. Shi kuwa ya ga abin da ba su gani ba: katakon ya ruɓe, amman surar jirgin mai kyau ce, ga faɗi, ga ciki mai ɗaukar kaya, irin wadda masunta suka gyara tsara bayan tsara har ta dace da teku.

Don haka ya yanke shawarar riƙe surar, ya canza jikin gaba ɗaya. Ya sare wani ƙaton itacen oak a nan kusa, ya sassaƙa ƙashin bayan jirgin da shi. Haƙarƙarin kuwa, ya samo miƙaƙƙun ƙananan itatuwa, ya haɗa wani akwati da tukunyar ruwa a ƙarƙashinsa, yana turara su har su yi laushi, sa'annan ya lanƙwasa su a jikin gungume ya ɗaure, su bushe da surar da yake so. Yana cire tsohon itace guda, yana sa sabo a gurbinsa, ta yadda jirgin bai taɓa rasa kamanninsa ba. Jikin waje ya rufe shi da katakon wani itace mai ƙaro daga jihar Jojiya, mai kaurin kusan santimita 4, ya ɗaure da ƙusoshi masu noti wajen dubu, domin ko ruwa ya jijjiga jirgin kada katakon ya saki. Kafofin da ke tsakanin katako da katako ya cusa musu auduga da zaren tsohuwar igiya, ya shafe ƙasan jirgin da fenti mai garin jan ƙarfe, wanda ke hana tsutsar teku cin itace.

Inda ya kauce wa tsohuwar sura, da dalili ya kauce. Jirgin kamun kawa na aiki ne a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, saboda haka bangonsa gajere ne. Slocum ya ƙara masa tsawo, kimanin santimita 30 a tsakiya, 45 a goshi, 35 a baya, don kada raƙuman ruwan babban teku su riƙa afkawa ciki. A bisa daɓen jirgin ya gina ɗakuna biyu masu ɗan tudu: ƙarami a gaba domin girki, babba a baya domin kwana, da gado, da kantocin ajiya, da wurin akwatin magani. Nauyin da ake sa wa jirgi a ƙasa don kada iska ta kifar da shi, nasa na siminti ne, ya tokare shi da itatuwa ta yadda ko jirgin ya kwanta a gefe nauyin ba zai gusa ba.

Da aiki ya ƙare, Spray na da tsawon mita 11 da santimita 20, da faɗin mita 4 da santimita 30. Slocum ya rubuta lissafinsa dalla-dalla: dalar Amurka 553 da santi 62 na kayan aiki, da wata 13 na guminsa. A tsakani yakan ajiye aikin ya je ƙwadago a tashar jirage ya samo kuɗin ci gaba. Ko da yake kusan babu sauran tsohon itace a jikinsa, sunan bai canza ba, domin a al'adar rajistar jirage, jirgin da aka sabunta gaɓa bayan gaɓa yana nan a matsayin jirgin farko.

Kayan tafiya na mai ƙaramin ƙarfi

Ya tashi daga Boston ran 24 ga Afrilu 1895, amman bai faɗa babban teku nan take ba. Ya tsaya a Gloucester, garin masunta, ya ƙarasa shiri. Masuntan suka ba shi busasshen kifi, da fitila mai haske ƙwarai wadda za ta sa manyan jirage su gan shi da dare, da gangar mai da ake zubawa bisa ruwa domin rage fashewar raƙumansa. Kowane jirgi na buƙatar ɗan kwale-kwalen zuwa gaɓa, amman wanda masunta ke amfani da shi ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga. Slocum ya samu wani da aka yar, ya yanka shi biyu, ya toshe bakin rabin da katako. Rabin nan ya zama abin hawansa zuwa tudu, ya zama bahon wankansa, ya zama kuma kwanon wankin tufafinsa.

Zancen agogo ya fi kowane nuna halin da yake ciki. A wancan zamani matuƙi na sanin nisansa daga gabas zuwa yamma ta hanyar gwada lokacin inda yake da na wani agogo na musamman da ke riƙe da lokacin Greenwich a Ingila. Slocum na da irin wannan agogo, amman an nemi dalar Amurka 15 kafin a wanke shi a daidaita, kuɗin da ba shi da su. A garin Yarmouth ya sayi agogon gwangwani mai fasasshiyar fuska a kan dala guda. Sauran kuwa ya dogara ga ilimin da ya tara cikin shekara talatin da wani abu: auna tsayin rana da tsakar rana, da lissafin gudun jirgi da alƙiblarsa kowace rana. Wanda bai da wannan ilimi, da ya kwaikwaye shi, da ya halaka. Arhar kayansa ta yiwu ne saboda tsadar abin da ke kansa.

Gyaran da bai ƙare ba

Abin lura a tafiyar Spray shi ne jirgin da ya dawo ba daidai yake da wanda ya tashi ba. Kowane yanki na teku ya nuna wani aibi, kowace tasha kuma ta zama wurin gyara. Slocum ya ƙetare tekun Atilantika zuwa Jibralta a watan Agusta 1895 da niyyar bi ta Suwez. Hafsoshin ruwan Ingila suka gargaɗe shi game da ƴan fashin teku a wannan hanya, sai ya juya ya sake ƙetare Atilantika zuwa Birazil. A gaɓar Maroko, yana gudun wani jirgi da ya biyo shi, sandar da ke miƙe ƙasan babban zanen iskarsa ta karye. Da ya isa Pernambuco bai nemi sabuwa mai tsawon ta da ba, ya yanke wurin karayar ya bar ta gajera, domin ya gane zanen ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Daga nan duk gyaran da ya yi hanya guda ya bi, wato rage abin da hannu biyu ba su iya sarrafawa cikin hadari. A Buenos Aires ya tumɓuke ginshiƙin jirgin ya rage masa kusan mita 2, ya kuma rage sandar goshi da kimanin mita 1 da rabi. A Rio de Janeiro ya riga ya kafa wani maɗauri a bayan jirgin, sa'annan a mashigin Majalan, can ƙarshen kudancin Amurka, ya dasa ƙaramin ginshiƙi na biyu a wurin. Hikimar ita ce a raba zanen iska gida-gida: maimakon babba guda mai wuyar naɗewa, a samu ƙanana da za a iya saukewa ɗaya bayan ɗaya, na baya kuma ya riƙa daidaita jirgin kamar yadda jela ke daidaita tsuntsu. A Montevideo, saboda sanyin da ke gabansa, an haɗa masa murhu da tsohuwar gangar ƙarfe da aka huhhuda. Lokacin da guguwa ta yayyaga babban zanensa a bakin tekun Fasifik a watan Maris 1896, ta maida shi baya cikin tsibiran Tierra del Fuego, da allura da zare ya mayar da wani zanen ajiya ya zama madadinsa.

A garin Punta Arenas wani kyaftin mai suna Pedro Samblich ya ba shi jakar ƙananan ƙusoshi. Mutanen tsibiran, waɗanda zuwan Turawa ya riga ya jefa cikin yunwa da ƙunci, sukan hau jiragen baƙi da dare, mutum ɗaya kuwa ba ya iya tsaro yana barci. Slocum ya riƙa watsa ƙusoshin bisa daɓe kafin ya kwanta, suka yi masa aikin mai gadi. A wannan yanki ne kuma ya tsinci gangunan kitse daga wani jirgi da ya farfashe, ya loda su, ya riƙa sayarwa a tsibiran da ke gaba domin samun guzuri. A Samoa, matar marigayi marubuci Robert Louis Stevenson ta ba shi littattafan hanyoyin teku da sandunan gora da ya yi amfani da su a jirgin. A Sidni ta Ostareliya aka yi masa kyautar sababbin zannuwan iska. Kaya guda da ya yi nadamar ɗauka shi ne akuyar da aka ba shi a tsibirin Saint Helena, wadda ta cinye masa taswirar tsibiran Karibiyan da yake shirin ratsawa.

Amfanin dukan wannan aiki ya bayyana a tekun Indiya. Babbar matsalar matuƙi shi kaɗai ita ce wa zai riƙe sitiyari sa'ad da yake barci ko girki. Saboda doguwar ƙashin bayansa da yadda aka raba zannuwansa, Spray na iya riƙe alƙibla da kansa in an daidaita zannuwan an ɗaure sitiyarin. Daga tsibirin Thursday zuwa tsibiran Cocos Keeling, mil 2700 cikin kwana 23 a shekarar 1897, Slocum ya ba da labarin cewa bai wuce awa uku riƙe da sitiyari ba. Ya iso Newport a Amurka ran 27 ga Yuni 1898, bayan tafiyar fiye da mil dubu 46, a daidai lokacin da yaƙin Amurka da Sifaniya ya ɗauke hankalin jama'a. Littafinsa, Sailing Alone Around the World, ya fito a 1900, da zanen surar jirgin da awonsa a ƙarshe, abin da ya ba maƙera jirage damar yin ɗaruruwan irinsa daga baya.

Waɗanda suka biyo sawu

Kafin Slocum, yawon shaƙatawa a teku galibi na attajirai ne masu ma'aikata, ko da yake a Ingila an samu ƴan tsiraru masu sayen tsofaffin kwale-kwalen ceto su mayar da su gidan tafiya. Bayansa hanya ta buɗe ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma kowane ya sake karo da darasin nan. Bafaranshe Alain Gerbault, tsohon matuƙin jirgin saman yaƙi kuma gwanin tanis, ya sayi Firecrest a Ingila a 1921, siririn jirgin tsere da aka ƙera tun 1892. Jikin jirgin na da ƙarfi, amman zannuwa da igiyoyinsa sun tsufa. A 1923 ya ƙetare daga Jibralta zuwa New York cikin kwana 101, yana ɗinkin zane kusan kullum, ruwan shansa ya lalace a cikin ganguna, naman gishirin da ya saya ya ruɓe. Sai da ya sake wa jirgin tsarin zannuwa a Amurka kafin ya ci gaba, ya kammala kewaye duniya a Le Havre a 1929.

A 1960, a tseren farko na ƙetare Atilantika mutum shi kaɗai, Baturen Ingila Blondie Hasler ya shigo da Jester, jirgi mai ƙasa da mita 8. Ya rufe samansa ruf, ya sa masa zanen iska irin na jiragen Sin wanda ake ragewa daga cikin ɗaki, ya kuma haɗa wata na'ura mai fiffike da iska ke juyawa tana tuƙa jirgin. Matsalar da Slocum ya warware da surar jirgi, Hasler ya warware ta da na'ura, kuma irin wannan na'ura ta bazu cikin ƙananan jirage. A 1965 wani ma'aikacin jarida Ba'amurke, Robert Manry, ya ƙetare Atilantika cikin kwana 78 a Tinkerbelle, tsohon kwale-kwale mai kimanin mita 4 da ya saya da arha ya gina wa ɗan ɗaki da hannunsa.

Bernard Moitessier kuwa, Bafaranshe haifaffen Indocin, ya raɗa wa jirginsa na ƙarfe suna Joshua domin girmama Slocum. An saka shi ruwa a 1962, kuma saboda rashin kuɗi, falwayoyin wayar tangaraho ne ginshiƙansa. Da zai shiga tseren kewaye duniya ba tsayawa a 1968, shirinsa na ragewa ne: ya sauke inji da tarin kayan da ba dole ba domin jirgin ya yi sauƙi, ya ƙi ɗaukar rediyon aika saƙo, yana harba wasiƙunsa cikin jiragen da ya gamu da su da ɗanƙo. Bayan ya wuce ƙarshen kudancin Amurka ya fasa komawa Turai, ya zarce har Tahiti a watan Yuni 1969. Daga baya gidan tarihin teku na La Rochelle ya karɓi jirgin.

Daga shekarun 1960 masana'antu suka fara fitar da jiragen roba mai zaren gilashi da yawa, sura ɗaya, farashi mai sauƙi, sa'annan na'urar GPS ta sauƙaƙa sanin wuri tun daga shekarun 1990. Duk da haka mai sabon jirgi na fuskantar tambayoyin da Slocum ya fuskanta a filin Fairhaven: ina ruwan sha zai zauna, wane zane hannu ɗaya zai iya saukewa cikin duhu, wane kaya ne nauyinsa ya fi amfaninsa, me za a iya gyarawa a tsakiyar teku da abin da ke cikin jirgi.

Ƙarshen Spray

Da kuɗin littafinsa Slocum ya sayi gona a tsibirin Martha's Vineyard, amman zaman tudu bai karɓe shi ba. Ya riƙa tafiya da Spray zuwa tsibiran Karibiyan lokacin sanyi, ya dawo da bazara. Waɗanda suka ga jirgin a waɗannan shekaru sun shaida cewa ya tsufa, kulawar da aka san mai shi da ita ta ragu, igiyoyi sun sassauce, jiki ya fara shan ruwa. Jirgin itace kuwa kullum cikin ruɓewa yake, gyara ne kaɗai ke riƙe da shi. A watan Nuwamba 1909 Slocum, yana da shekara 65, ya tashi da nufin zuwa kudancin Amurka. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka bisa ruwa bai taɓa koyon iyo ba. Ba a sake ganinsa ba, ko shi ko jirgin, kuma a 1924 kotu ta tabbatar da mutuwarsa bisa doka.